Labarin da Ba a Taɓa Gaya wa Yaya Ba

Ranar Lahadin da Yaya ya ƙi zuwa majami'a, ni aka tura in kira shi, don a gidanmu duk abin da ya gagara ni ake turawa. Lauya suke ce mini tun ina firamare. Ban karanci shari'a ba, koyarwa nake yi a sakandare, amma ban taɓa barin wani ya yi maganar ƙarshe a gabana ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in fara ba.

Yaya kurma ne. Zazzaɓi ya tafi da jinsa yana ɗan shekara biyu, kafin a haife ni. Ya girme ni da shekara shida, kafinta ne, kuma duk kujerar da ke gidanmu hannunsa ne. A gida muna da 'yan alamunmu da muka ƙirƙira: ci, sha, zo, tafi, barci, zafi. Mama ita ce hannu a ɗankwali, Baba kuma yatsu biyu a ido saboda tabarau. Da waɗannan muka yi shekara da shekaru, muna ganin mun iya magana da shi.

Na same shi a ɗakinsa sanye da kayan aiki, yana ɗaure igiyar takalmi. Na nuna masa agogo, na haɗa tafin hannuna kamar mai addu'a, na nuna hanya. Ya girgiza kai. Na sake yi da ƙarfi, har ina buga ƙafa. Sai ya miƙe, ya dube ni ba fushi, ya ɗaga hannu yana buɗe yatsu yana rufewa kamar bakin agwagwa. Ya nuna ni, ya nuna kunnensa, ya buɗe tafukansa biyu babu komai a ciki. Ya ɗauki jakarsa ya wuce ni.

A ranar Fasto ya yi wa'azi a kan hakkin da ke wuyan kowane mai bi na ya gaya wa wasu bishara. Na gyara zama, don fagena aka shigo. Ni ce shugabar fita wa'azi ta zumuntar matasa. Kowace Asabar ina tashar mota da lasifika a kafaɗa, kuma direbobi sun san muryata kafin su ga fuskata. Fasto ya ce kowa ya rufe ido ya tuna mutum ɗaya, mafi kusa da shi, wanda bai taɓa jin labarin Yesu ba. Na fara lissafo malaman makarantarmu. Ban san abin da ya sa na buɗe ido na waiwaya ba. A bencin ƙarshe, kusa da taga, akwai gurbi ɗaya da babu kowa. Shekara ashirin da takwas Yaya yana zama a wurin, hannu a cinya, yana kallon bakunan mutane.

Ji na yi kamar an ba ni aikin da aka daɗe ana ajiye mini. Da ƙyar na iya jira a yi addu'ar rufewa.

Muna cin abincin rana na sanar da su cewa zan yi wa Yaya wa'azi. Baba ya sauke cokali ya tambaye ni da wane bakin. Mama ta ce in bar yaronta, a cikin ikilisiya aka haife shi, kuma Allah ya san zuciyarsa. Na ce Allah ya sani, shi Yayan ne bai sani ba. Auta, ƙanwarmu, ta ce ko in ƙara wa lasifikar batir ne in kanga masa a kunne. Na ce su ba ni wata biyu.

A waya na koya. Akwai masu koyar da maganar hannu a bidiyo, na sauke duk wanda na samu. Na rubuta wa'azina a takarda, shafi uku, mai gabatarwa da hujjoji huɗu da kira a ƙarshe, na bi kalma kalma ina nemo alamarta. Zunubi, alheri, ceto, madawwami. Ina yi a gaban madubi da safe, ina yi a cikin motar haya har wata tsohuwa ta matsa gefe, ina yi a ɗakin malamai har mataimakin shugaba ya tambaya ko sauro ne ya dame ni. Cikin sati shida na haddace shi tsaf, minti goma sha biyu ba tsayawa. Daɗi ya ishe ni. Har na fara tsara yadda zan ba da shaida a gaban matasa.

Wata Asabar da la'asar na same shi a tsakar gida yana gyara ƙafar kujerar Mama. Na taɓa kafaɗarsa, na ja baya, na fara da gaisuwa.

Gudumar ta faɗi daga hannunsa. Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ya miƙe, idanunsa suka cika, hannuwansa suka shiga gudu, yana nuna ni, yana nuna kansa, yana taɓa bayan kunne, yana dariya. Ko ɗaya ban gane ba. Na yi masa alamar ya dakata, na shiga gabatarwata. Ya tsaya ya kalla, ya sake yin wani abu a hankali, sau biyu, girarsa a sama. Na sake ce masa ya dakata, don in na tsaya zan manta inda nake. Ina cikin hujja ta biyu ya koma ya zauna, ya naɗe hannu a ƙirji, ya rufe idanunsa.

Wanda bai zauna da kurma ba ba zai gane wannan ba. Mai ji ko ya juya maka baya muryarka za ta bi shi. Kurma in ya rufe ido, ka bar duniyarsa gaba ɗaya. Na tsaya a tsakar gida hannuna a sama, Auta tana leƙe ta taga tana toshe baki.

Ran Litinin ana tashi daga makaranta na nufi shagonsu, in ji dalilin da zai wulaƙanta ni. Ban taɓa zuwa ba, ko da yake tafiyar minti ashirin ce daga gida. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, katakai jingine har sama, ƙasa duk garin katako. Maza biyar ke aiki, dukansu kurame, kuma ban taɓa shiga wuri mai ƙara irin wannan ba, don babu wanda ya san injin yanka yana kuka kamar ana yanka shi. In za su kira juna sai su buga ƙafa a daɓen katako, ko su kashe fitila su kunna. Yaya ya gan ni, ya ci gaba da awonsa.

Matar maigidansu ce ta kama hannuna. Ita ke ɗinka rigunan kujeru a kusurwa, babbar mace mai almakashi rataye a wuya. Ita ma kurma ce, amma ta yi makaranta. Ba addininmu ɗaya ba, kuma ta riga ta ji labarina, don Yaya ya ba su shi da safe har da kwaikwayo. Ta ɗauki guntun katako da fensir ta rubuta: "Kin koyi magana. Ba ki koyi ji ba."

Na karɓi fensirin na rubuta cewa sati shida na yi ina wahala. Ta karanta, ta taɓe baki, ta juya katakon. Ta rubuta mini abin da Yaya ya ce ranar Asabar. Ya tambaye ni wa ya koya mini, tun yaushe, ko Mama ma tana koyo. Abin da ya maimaita sau biyu kuwa tambaya ce, ko na san sunansa. Ashe yana da suna a wurinsu, yatsa a bayan kunne, inda yake maƙala fensir. Shekara goma sha biyar ana kiransa da shi ban sani ba.

Na tambaye ta a rubuce ko za ta koya mini. Ta ce ba ta koyarwa, amma ga benci. Sharuɗɗanta uku: ba waya, ba takarda, ba murya. Ta miƙo mini ƙafar kujera da takardar goge katako, don a shagon ba a zaman banza. Na tambaya har zuwa yaushe. Ta rubuta: "Ranar da kika yi dariya tare da mu, ba bayanmu ba." Daga nan ta jefa katakon cikin shara, ba ta kuma sake rubuta mini ko harafi ɗaya ba.

Na ce a raina sati biyu ya isa. Wata biyar na yi.

Kullum daga ƙarfe uku zuwa shida ina kan wannan benci. Yatsuna suka yi kanta, farcena ya kakkarye, garin katako ya shiga gashina har ɗalibaina suka fara tambaya ko furfura ce. Idona yakan yi zafi, kaina ya sara, don hannuwa goma ne ke magana lokaci ɗaya, ga fuska, ga gira, ga kafaɗa, kowanne da abin da yake faɗa. Abin da na haddace a waya bai yi mini amfani ba. Babu wanda ya ce madawwami a shagon kafinta. Suna nuna ni suna dariya, na san da ni ake, ban san me aka ce ba. Suka raɗa mini suna tun satin farko, bakin agwagwan nan da Yaya ya yi mini, kuma wanda ya fi kowa jin daɗinsa shi ne Gajere, mai fenti, wanda tsokana ce abincinsa. Yaya kuwa in zai wuce ta gabana sai ya duba ƙafar kujerar da nake gogewa, ya shafa, ya mayar mini in sake.

Sau ɗaya na yi kuka, a bayan shago, kusa da tulin katakai, inda ba wanda zai gani. An yi ta wata hira kusan awa guda, kowa yana ƙyaƙyatawa har maigidan yana share hawaye, ni ina zaune a tsakiya kamar buhu, ina murmushi in na ga sun yi. A nan na gane irin murmushin. Shi ne wanda Yaya yake yi a teburin cin abinci. Na wanke fuska na koma bencina.

A majami'a ma ban tsira ba. Asabar ta zama ranar da shago ya fi cika da hira, don haka na bar wa mataimakina lasifika. Aka fara cewa Lauya ta yi sanyi. Wata 'yar'uwa ta zo har gida ta yi mini addu'ar dawowa. Wani dattijo ya tare ni a ƙofa ya ce ya ji na bar ɗaruruwan rayuka a tasha saboda mutum ɗaya wanda dama Kirista ne. Na ce, "Baba, in ka iya gaya mini abu ɗaya da Yaya ya sani game da Yesu, gobe zan koma tasha." Na gaishe shi da ladabi na wuce. Yaya kuwa bai sake taka majami'a ba, kuma kowace Lahadi Mama takan goge masa riga ta rataye, ta dawo ta same ta a inda ta bar ta.

Abin ya fara zuwa kaɗan kaɗan. Na gane ƙusa, gam, gobe, ƙarya kake yi. Na gane in gira ta hau tambaya ce. Wata rana na gane jimla guda cikakkiya, maigidan yana cewa an yanke wannan katako gajere, na kusa tashi in yi rawa. Na riƙa komawa gida da gudu gudu, hannuwana suna maimaita abin da na gani, mutane suna ba ni hanya.

Wata Alhamis Gajere yana ba da labarin wani mai saye da ya zo yana masifa a kan tebur. Ya kumbura kumatu ya zama mutumin, ya yi ta zazzaga faɗa, sannan ya koma kansa yana gyaɗa kai cikin ladabi. Mutumin ya yi minti goma yana yi, ya gaji, ya ce wa matarsa bai taɓa ganin yaro mai haƙuri da tarbiyya irin wannan ba, ya ƙara odar kujeru shida. Dariya ta kufce mini, da murya, har ƙafar kujerar ta faɗi. Sai da na ɗago na ga kowa ya tsaya yana kallona. Matar maigida ta ajiye almakashi ta buga ƙafa a daɓe sau uku. Gajere ya ce shi ke nan, asirinsu ya tonu, yanzu sai su nemi wani yaren da za su riƙa zagina. Wannan ma na gane shi. Da aka tashi Yaya ya tsaya a ƙofa yana jirana.

Daga ranar muka riƙa komawa gida tare, kuma na gano yayana ya fi ni surutu. Ya gaya mini shi ya fasa rediyon Baba tun muna yara, yana so ya ga abin da ke sa mutane zama a gabanta. Ya ce ya tsani rigunan da Mama take saya masa, masu manyan furanni. Ya ce akwai wata mai sayar da zare da yake so, ya yi mini kashedin in na gaya wa Auta zai cire ƙafafun gadona. Sau biyu muka kusa faɗawa kwata, don ba a kallon hanya ana hira. Wa'azina yana nan a cikina yana ƙaiƙayi, kullum sai na ji yau ce ranar, kullum sai in danne. Ban taɓa riƙe magana tsawon haka ba a rayuwata.

Shi ya buɗe ƙofar zancen da kansa. Wata Asabar da hantsi muna falo, yana gyara ƙusar da ke riƙe hotunan bango. Hoton marigayi kakanmu yana nan, da na ƙanin Mama da ya rasu a hatsarin mota, a tsakaninsu kuma tsohon hoton Yesu a kan gicciye, mata suna kuka a ƙasa. Ya sauko da shi ya goge ƙura, ya juyo gare ni, girarsa a sama.

"Wannan ɗan'uwan wa ne? Na Baba ko na Mama?"

Na zaci ban gane ba, na ce ya maimaita. Ya maimaita a hankali. Ya ce ya san babban mutum ne, tunda har yau ba a gama makokinsa ba. Na tambaye shi wane makoki. Ya dube ni kamar ni ce ba ni da wayo, ya shiga lissafa mini a yatsu. Kowane mako a sa kaya masu kyau a taru. A sunkuyar da kai a rufe ido. Wasu mata su yi kuka. Wani ya tsaya a gaba yana nuna itacen da aka kashe shi a kai, yana buga tebur. A zagaya da kwano kowa ya saka gudummawa. Ya ce shi da hannunsa ya sassaƙa musu sabon itacen da tsohon ya ruɓe, bai karɓi komai ba, saboda girmama mamaci.

"Amma shekara ashirin da takwas ta isa," in ji shi. "Ban ma san mutumin ba. Ku da kuka san shi ku ci gaba."

Shafi ukun nan, da hujjoji huɗu, ko ɗaya bai zo kaina ba. Na ce masa ba ɗan'uwan Baba ba ne, ba na Mama ba. Sunansa Yesu, na taɓa tsakiyar tafina da yatsa, dama da hagu. Na ce Allah ne ya aiko shi, Ɗansa ne. Na ce shi ma kafinta ne. Yaya ya sake duban hoton da kyau, ya ce to me ya yi aka kashe shi. Na ce bai yi komai ba, laifinmu ya ɗauka, nawa da nasa da na Gajere, don kada ya raba mu da Allah. Ya ce na Gajere kaɗai ya isa ya kashe mutum. Na ce an sa shi a kabari, kwana ɗaya, biyu, uku. Sai hannuwana suka ƙi, don alamar da na koya a waya ta yi mini ƙanƙanta. Na kwanta a kan darduma, na miƙe sambal, na haɗa hannu a ƙirji, na rufe ido. Na ƙirga uku. Na buɗe ido na tashi tsaye.

Daidai nan Mama ta shigo da kwanon wake a hannu, ta tambaya ko faɗuwa na yi.

Yaya bai ko dube ta ba. Ya ce, "Suma ya yi?"

"Mutuwa ya yi. Ya tashi. Yana da rai."

"Yanzu?"

"Yanzu."

"To kukan me ake yi?"

Na ce wani na godiya ne, wani na tuba, wani kuma matan nan dama ba sa rasa abin kuka. Ya zauna a hannun kujera, hoton a cinyarsa. Sannan ya nuna Mama ya ce in tambaye ta ko ta san wannan labari. Na tambaye ta da murya. Ta ce wane irin zance ne wannan, tun tana yarinya ta sani. Na mayar masa. Ya ce in tambaye ta Baba fa, da Auta. Na ce duk sun sani.

"Kowa ya sani," in ji shi, hannuwansa a hankali. "Kuna zaune da labari irin wannan a gida ɗaya da ni, abin da kuke gaya mini ci da sha da barci."

Na faɗa wa Mama yadda ya faɗa, ban rage ba. Wannan ne karo na farko da ta ji jimla daga ɗanta. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta zauna kusa da shi tana kuka, tana cewa in ce masa ya yafe mata, in ce masa kullum tana yi masa addu'a, in tambaye shi ko yana jin yunwa. Ya ce in ce mata ta bar kukan haka, ya ga wanda zai ishe shi, kuma tunda an samu hanya, ta daina saya masa riga mai furanni. Mama ta yi dariya cikin hawaye ta ce ashe duk 'ya'yanta bakinsu ɗaya.

Ni dai ji nake kamar in fita titi da gudu. Na tambaye shi ko ya ba da gaskiya. Ya ɗaga mini hannu ya ce in bi a hankali, bai ce ya yarda ba. Mutum ba ya sayen katako sai ya juya shi ta kowane gefe. Yana so ya ga abin da mutumin gaban nan yake faɗa, duka, ba guntu ba, kuma ni zan tsaya a inda zai gan ni.

Dattawan ikilisiya ba su so ba. Ɗaya ya ce budurwa a gaba tana wurga hannu za ta ɗauke hankalin jama'a. Wani ya ce in zauna da shi a baya mu yi abinmu a hankali. Na ce Yaya ya gama zaman baya. Na ce in ba a ba ni wuri a ciki ba, zan tsaya a waje ta taga in yi, kuma a nan ne hankalin jama'a zai ɗauku da gaske. Fasto ya yi ta murza goshi, a ƙarshe ya ce in tsaya a gefen hagu, kusa da mawaƙa, a gwada mako ɗaya.

Ran Lahadi Yaya ya zo cikin farar riga da ya saya da kansa, Gajere a bayansa, wai ya zo ya ga mutumin da ya ɗauki laifinsa. Suka wuce kai tsaye zuwa bencin farko inda matan dattawa suke zama, matan suka tattara jakunkunansu suna kallon juna. Na tsaya a wurina kusa da mawaƙa.

Waƙoƙin sun zo da sauƙi, don ana maimaitawa. Wa'azin ne ya nuna mini iyakata. Fasto in ya ɗau zafi ba ya numfashi, kuma ranar ya ɗau zafi da wuri. Ina binsa a guje, ina zubar da rabi a hanya, kafaɗuna kamar an ɗora musu buhu, gumi yana shiga idona ba hannun sharewa. Amma idon Yaya bai bar ni ba ko sau ɗaya. Yana gyaɗa kai, yana haɗe gira, yana zungurar Gajere.

Ana tsakiyar wa'azi Yaya ya miƙe tsaye. Babu wanda ya taɓa gaya masa ba a yin haka. Fasto ya tsaya da hannu a sama, majami'a ta yi tsit. Yaya ya yi tambayarsa yana kallon Fasto ido cikin ido, ni kuma na ba ta murya. Ya ce in da gaske mutumin yana da rai kuma ana yi masa magana, shi da ba shi da murya fa, mutumin ya iya maganar hannu?

Fasto ya rufe littafinsa, ya sauko daga bagadi, ya zo har gaban bencin. Ya ce in gaya wa Yaya cewa Yesu ne ya yi hannun, kuma babu abin da hannun nan ya taɓa faɗa tun yana yaro da bai gani ba. Na gaya masa. Yaya ya dubi tafukansa, ya juya su, ya daɗe yana kallo. Ya ce zai gwada yau da kansa ya gani. Ya ce yana da sauran tambayoyi bakwai, amma zai kawo su ɗaya ɗaya, kowane mako guda. Fasto ya ce yana jira. A bayana na ji Mama tana jan hanci.

Har Yaya ya fara zama sai ya sake miƙewa ya ƙara wani abu. Na tsaya, hannuna a ƙasa. Fasto ya tambaye ni me ya ce. Gajere ya riga ya kife a kan benci. Na dubi Yaya, ya ɗaga mini gira, wato in faɗa duka.

Na gyara tsayuwa, na ɗaga kai, na faɗa da muryar da har bencin ƙarshe aka ji: "Ya ce ka ci gaba, Fasto, amma ka rage sauri, don ƙanwarsa ba ta gama iyawa ba tukuna."